Littafi a Hammata, Hali Yana Nan Yadda Yake

Jama'a, yau kam sai kun yi haƙuri da ni, don abin nan ya kwana biyu yana cina.

Ranar Juma'a na je gaida Yaya. Na tarar da ɗanta, saurayin da ya gama jami'a bara, a zaune da The 48 Laws of Power na Robert Greene a cinya. Uwarsa ta tambaye shi ina za shi da yamma, sai ya ce wai mai hankali ba ya bayyana shirinsa ga kowa. Uwarsa fa, wadda ta yi wata tara da cikinsa! Da na tashi tafiya kuma ya rako ni bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai: "Kawu, a taimaka da na data."

Kun san littattafan da nake nufi. Su ne 'yan talla ke miƙo mana ta tagar mota a danja, haɗe da igiyar caji da tsumman goge gilashi. Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, wanda ya fito a 1997. Think and Grow Rich na Napoleon Hill, tun na 1937. Atomic Habits na James Clear, na 2018. Galibi bugun sata ne, tawada ta dushe, wani shafin ma a kife. Ban damu da wannan ba. Abin da ya dame ni shi ne karatun ya tsaya a fatar baki, bai sauka cikin hali ba.

Dubi yadda ake yi. A sayi littafi, a ɗauki hotonsa kusa da kofin shayi, a ɗora a Facebook. A karanta babi biyu, a tsinci jimla ɗaya mai daɗin faɗa, a manna a WhatsApp. Shi ke nan, an zama malami. Gobe sai ka ji yaron da bai taɓa juya jarin dubu goma ba yana yi wa mutane lacca a kan yadda ake tara dukiya. Wanda ke wa'azin tashi ƙarfe biyar na safe, shi ne ladan ke gama kiran asuba yana minshari. Littafi a hammata, hali yana nan yadda yake.

Ga kuma haɗiye magana ba tauna. Kiyosaki ya shahara da cewa gidan da kake zaune a ciki ba kadara ba ne, nauyi ne, domin kuɗi yake ci, ba ya kawowa. A Amurka, inda ake sayen gida da bashin banki na shekara 30, ana biyan ruwa da haraji, maganar tana da wurin zama. To sai ga ɗan namu ya kwaso ta ɗungurungum ya kawo gidan gado, inda gwaggo da ta fito daga aure ta samu ɗaki, inda marayun wansa ke kwana, yana cewa a sayar a zuba a kasuwanci. Ɗana, wannan gidan shi ne rufin asirin mutum ashirin. Wane lissafi ne zai kira shi asara?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rainin da ke biyo baya. Uban da ya yi shekara talatin a Kantin Kwari, ya san wa ake ba bashi, wa ake ba haƙuri, ya san yadda adashe ke tayar da jarin da ya durƙushe, yau ɗansa ke ce masa tunaninsa na talaka ne. Da kuɗin wannan tunanin aka biya maka makaranta har ka iya Turancin da kake karanta littafin da shi.

Na yarda, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na san wata ƙanwata da littafin Clear ya sa ta fara ajiye ɗan abin da ta samu kullum har ta sayi keken ɗinki. Madalla da ita. Amma ko shi ɗin, me ya ce da kakanninmu ba su ce ba? Da yayyafi kogi kan cika. Malaman zaure ma sun daɗe suna koya mana cewa ɗan aikin da aka dawwama a kai ya fi mai yawan da aka watsar. Ita ta yi aiki da abin da ta karanta, shi ya sa ya amfane ta.

Kada wani ya ce ina ƙin littafin baƙi. Abubakar Imam ya karanta na baƙi fiye da yawancinmu. Magana Jari Ce, da aka fara bugawa a 1937, shekara ɗaya da littafin Hill, cike yake da labaran da ya samo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Grimm na Jamus da sauransu. Sai dai bai zube mana su ɗanye ba. Ya dafa su a tukunyar gida, ya sa musu sarki da waziri da fadawa, ya sa su a bakin aku, har yaron ƙauye ya karanta ya ga mutanen garinsu a ciki. Kuma ku tuna aikin akun nan: labari yake ba Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, dare bayan dare, don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Labarin da ya tsare ƙafar yaro daga halaka, wannan shi ne karatun da ya yi aiki.

Don haka, ƙannena da 'ya'yana, ku karanta, ku ƙara karantawa. Amma in kun rufe littafin, kada ku nuna mana bangonsa. A bar mu mu gani a jikinku. Ka biya bashin da ka ci? Ka tashi asuba? Ka cika alkawarin da ka yi wa mai shago? Harshenka ya yi laushi ga iyayenka ko ya ƙara kaifi?

Ɗan Yaya kuwa na ba shi kuɗin datar, bisa sharaɗi ɗaya: ya koma ciki ya durƙusa ya gaya wa mahaifiyarsa inda za shi. Ya koma, ya faɗa, ta sa masa albarka. Duk dokoki 48 ɗin nan babu wadda za ta ba shi abin da ya samu a wannan durƙuson.