Ba ɗan Alhaji kaɗai ya kashe kantin ba

Ƴan'uwa, na karanta labarin da abokinmu ya kawo a fitowar da ta wuce: Alhajin da ya fara da tallar ƙusa da kwaɗo a bakin titin Maraɗi zuwa Madawa, nan Gidan Rumji, har ya kai ga kantin kayan gini mai ƙofa uku. Farkon ya yi daɗi. Wurin da Alhaji ke ɗibar ƙusa ya faɗi nauyinta tun bai ɗora a sikeli ba, wallahi kakana na gani. Amma daga ranar da aka kai shi makwanci, sai labari ya koma wa'azi: ɗa ya sayi babur, ya ƙara aure, ya daina sammako, kanti ya rufe.

Ban yarda ba, don a irin gidan na tashi.

Labarin ya ratsa shekara arba'in, amma ko sau ɗaya kuɗi bai canza daraja a ciki ba. Ina watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi? Wanda ya ba da kwano da fenti bashi kafin ranar, ko an biya shi cif, kuɗin ba su mayar masa da kayan da ya fitar ba. Ina rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986, da na 2019, da na 2023 bayan juyin mulki? Mai kantin da kayansa ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa ba ya manta waɗannan shekarun. Alhajin labarin kamar a wata ƙasa yake ciniki.

Abin da ya fi damuna shi ne littafin bashi. Na kakanmu yana nan, na buɗe shi: magina, maƙwabta, surukai, buhun siminti biyar nan, rodi goma can, duk "sai kaka". Damina ta ƙi, kaka ba ta biya ba, kuma wa zai kai surukinsa ƙara? Alherin da marubucin ke yabon Alhaji da shi, shi ne ramin da ɗan ya gada. Da ya haɗa biyun, da ya samu labari na gaske.

Rabon gado kuwa layi ɗaya ya ba shi. Kai! Jarin da ke sauke mota guda aka yanka wa magada goma sha ɗaya. Kowa ya samu haƙƙinsa, amma ba wanda kasonsa zai kai shi sari Maraɗi.

Shawarata, ya sake rubuta rabin ƙarshe, ya bar ɗan ya buɗe baki ko sau ɗaya. Kawuna da aka ce shi ya cinye namu yana nan da rai, kabu-kabu yake yi a tasha. In marubucin na so, ranar Lahadi in raka shi.