Tuba a Bakin Mawaƙin Gambara: Tsokaci a kan Lecrae

Wani ɗalibina Kirista a Azare ne ya fara jawo hankalina ga wannan mawaƙi, ran da muke tattauna jigon wa'azi a waƙoƙin Hausa. Ya tambaya ko waƙar da mutum yake tona asirin kansa a cikinta za ta shiga sahun wa'azi. Na ba shi amsa a gurguje, amsar ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na koma na saurari mutumin da ya kawo misali da shi.

An haifi Lecrae Moore a Houston ta Amurka a 1979. Uwarsa ce ta rene shi, domin uban ya faɗa harkar ƙwaya ya bar gida. Yaro ya tashi tsakanin Denver da San Diego, ya sha, ya kuma sayar. Ya ba da labarin yadda ɗan sanda ya kama shi da ƙwaya, amma da ya ga Littafi Mai Tsarki a motarsa sai ya sake shi bisa alkawarin zai yi aiki da abin da ke ciki. Littafin kuwa na kakarsa ne, laya kawai ya mai da shi. Yana ɗan shekara 19 ya halarci wani taron matasan Kirista a Atlanta, a can ya tuba. A 2004 ya kafa Reach Records tare da Ben Washer, faifansa Gravity ya ci kyautar Grammy a 2013, Anomaly kuma ya hau kan jerin Billboard a 2014.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɓata tawada a kansa ba. Irin wannan zubi, wato duhu, sai haske, sai nasara, an daɗe ana tuƙa shi har ya yi lami, kuma aibinsa sananne ne: mawaƙi yakan zuba dukkan fasaharsa wajen zayyana ɓarna, idan ya iso ga imani sai harshensa ya mutu. Mai sauraro ya tashi da daɗin zunubin a kunne.

Abin da ya fisshe shi shi ne bai ɗauki tuba a matsayin rufewar labari ba. A waƙar "Good, Bad, Ugly" ta cikin Anomaly, da littafin tarihin rayuwarsa Unashamed na 2016, ya faɗi cin zarafin da wata mai reno ta yi masa yana ƙarami, ya kuma faɗi yadda ya kai budurwarsa aka zubar da ciki. Wannan na biyu ya faru ne bayan tubar. A nan ne jigon ya yi nauyi, domin mai magana ba ya bisa mumbari, yana ƙasa tare da waɗanda yake yi wa magana. Haka kuma a 2016, da ya yi magana a kan kisan baƙar fata da tarihin bauta, da yawa daga cikin fararen Kiristocin da suka ɗaukaka shi suka juya masa baya, har imaninsa ya yi rawa. Daga wannan rauni littafin I Am Restored na 2020 ya fito.

To, ina matsayinsa a ma'aunin Bahaushe? Waƙar wa'azi tamu, tun daga malaman jihadi har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi, takan fuskanci mai sauraro ne, ta tsoratar da shi, ta kwaɗaitar da shi. Idan marubuci ya ambaci laifinsa, a dunƙule yake ambatarsa cikin neman gafara. Kunya da sitira ba su bari ya warware. Ban ga wannan a matsayin ragwanta ba, tarbiyya ce mai tushe. Abin lura shi ne mawaƙan Kirista masu rera Hausa su ma a wannan rijiya suka sha. "Na Ba Ka" ta Jeremiah Gyang na Jos da "Na Gode" ta Solomon Lange duk sallamawa ce da godiya. Ana jin an sha wuya, amma ba a kira ta da sunanta.

Ba na cewa Lecrae bai da rauni. A faya-fayansa na farko, irin su Real Talk na 2004, sau da yawa ɗiyan waƙar darasin tauhidi ne aka ɗora wa amsa-amo, kiɗa na gudu, ma'ana na jan ƙafa. Sai da ya daina koyarwa ya fara ba da labari sannan muryarsa ta zama tasa.

Da na koma aji na gaya wa ɗalibin cewa waƙar ta shiga wa'azi, amma ta ƙofar da marubutanmu suka saba bari a rufe. Sai wata ɗaliba daga Katagum ta ɗaga hannu, ta tambaya ko an nemi yardar budurwar nan kafin a sa cikinta a waƙa.