Taare Zameen Par: Ina labarin yaran da ba su ci gasa ba?

Mai karatu, in har kana cikin masu bin finafinan Indiya, da wuya a ce ba ka ga Taare Zameen Par ba, fim ɗin da Aamir Khan ya ba da umarni ya kuma fito a ciki a 2007. Labarin Ishaan ne (Darsheel Safary), yaro ɗan shekara takwas da haruffa ke rikice masa a ido, aka ɗauke shi dolo, ubansa ya tura shi makarantar kwana. Can ya haɗu da sabon malamin zane, Nikumbh. Na sake kallonsa kwanan nan, kuma wannan karon ba hawaye na je nema ba. So na yi in ga yadda aka koyar da zanen.

Inda fim ɗin ya fi burge ni ba waƙar shigowar malamin ba ce, da sarewa da kayan barkwanci. A'a, ranar da ya fitar da yaran bakin tafki ce, ya ce kowa ya haɗa wani abu da abin da ya tsinta. Ishaan ya harhaɗa ɗan jirgin ruwa da tarkace, jirgin kuwa ya yi tafiya. Ka gwada wannan da malamin da ya gabace shi, wanda ke dukan yatsun yaro da rula don ya kalli taga. Duk wanda ya yi motar kara ko ta langa-langa yana yaro ya san wace ce koyarwa a cikin biyun.

Ga kuma ɗan littafin nan da Ishaan ya zana, wanda in ka kaɗa shafukansa da sauri za ka ga iyali na mutum huɗu, yaron yana zamewa a hankali har ya ɓace. Bai ce uffan ba, zanen ya yi masa magana. Marubucin labarin, Amole Gupte, ya cancanci jinjina a nan.

To amma fa ƙarshen ne ya ɓata mini rai. Fim ya shafe sama da awa biyu yana zagin iyaye masu son ɗansu ya zo na ɗaya, sai kuma ya ceci yaron ta hanyar me? Gasa! Aka tara makaranta kaf, aka kawo mai zane Lalitha Lajmi ta yi alƙalanci, Ishaan ya zo na ɗaya, malaminsa na biyu. Wato ba a fasa awon ba, mudun kawai aka canza. Kuma kyakkyawan zanen da ya ci gasar, ƙwararren mai zane Samir Mondal ne ya yi shi, ba hannun yaro ba. Shin da Ishaan jagwalgwalo yake yi kamar sauran yara, da bai cancanci a kula shi ba ke nan?

Wannan tambayar ta shafe mu. A ƙananan makarantunmu na sakandare akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, aji ɗaya zuwa uku. Sau da yawa a allo yake ƙarewa: malam ya rubuta ma'anar launi, yara su kwafa, su haddace, ba wanda ya taɓa fenti. In malami ya kalli fim ɗin nan ya ɗauki darasin gasa, zai zaɓi yaro ɗaya mai hannu ya riƙa zana masa taswira, saura su yi ta kallo. In ya ɗauki na bakin tafki, ba ya buƙatar ko kwabo: ga yumɓu, ga kara, ga gawayi, ga lalle da 'yan mata suka riga suka iya tun daga gida.

Ka sake kallonsa, mai karatu. In an zo wurin gasar, ka ɗauke idonka daga Ishaan, ka dubi ɗaruruwan yaran da ke zaune a ƙasa da takardunsu. Kyamara ba ta tsaya a kan ko ɗaya daga cikinsu ta tambayi me ya koya ba.