Akwati Mai Kunne Uku: Sharhi Kan Zaɓen Sabon Radiyo

Akwatin radiyo ba ya mutuwa rana ɗaya. Da fari eriya ke karyewa, a ɗaura mata waya. Daga nan zaren da ke jan allura ya tsinke. Sannan ruwan pil ya cinye ƙarfen mazauninsa, har ranar da mai gyara zai duba ya ce dabara ta ƙare. Yawancin akwatunan National da Sony da Philips da suka shigo ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980 sun kai wannan matsayi, masu su kuwa suna shiga kasuwa neman magaji. Abin da suke tararwa a rumfunan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ya cancanci a yi masa sharhi, domin ƙirar akwatin ita ce ke yanke yawan muryoyin da za su shiga gida.

Akwatin da ya cika kasuwa a yau ɗan China ne mai sana'a goma. Yana da fitila, yana da ramin katin waƙa, wani har da ɗan farantin hasken rana a bayansa. Ba a raina wannan hidima ba: a garin da babu wutar lantarki, fitila da wa'azi da waƙa a cikin abu guda alheri ne. Aibinsa yana wurin da mai saye ba ya dubawa. A goshinsa an rubuta FM da AM da SW, wani lokaci har da alkawarin zango goma, amma da an murɗa zuwa gajeren zango sai a ji shuu, ko kuma tashar FM ta gari ta biyo mutum ko'ina allura ta je. Kunne ɗaya ke aiki, sauran biyun ado ne. To, mene ne ake rasawa da waɗannan biyun?

Kowane zango da irin duniyar da yake buɗewa. FM, daga megahaz 87.5 zuwa 108, kunnen gari ne: muryarsa garau take, amma tafiyarta ba ta cika wuce kilomita gommai daga dogon ƙarfen tasha ba. Shi ne ya sauya sauraro a Nijar tun da aka buɗe R&M a Yamai a shekara ta 1994, Anfani a 1995, Ténéré a 1998, da radiyon karkara na Bankilare a 1999. Ta nan Hausar Adar da ta Gobir da ta Arewa da ta Damagaram suka hau iska da kamanninsu, ta nan kuma samarin fada suka riƙa aika wa juna gaisuwa. Sanarwar rasuwa, cigiyar dabba, farashin hatsi, duk a nan suke.

Matsakaicin zango, wanda ake rubutawa AM ko MW, daga kilohaz 531 zuwa 1602, kunnen maƙwabta ne. Da rana ba ya nisa, amma da faɗuwar rana sai ya miƙe ɗaruruwan kilomita. Shekaru da dama, gidan radiyon Kaduna da aka kafa a 1962 ya riƙa shiga zaurukan kudancin Nijar a kan kilohaz 594, da muryar Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da wasannin kwaikwayo, babu ruwansa da iyakar da Turawa suka shata. Eriyar wannan zango ɗan sanda ne baƙi da aka naɗe da waya a cikin akwati. Masu ƙera na araha sun gajarta shi har ya kusa zama ba komai.

Gajeren zango shi ne kunnen duniya. Saƙonsa yana tashi sama, ya daki wani rufi na sararin samaniya, ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. Ta wannan hanya sashen Hausa na BBC ya fara magana a ranar 13 ga Maris 1957, na Jamus da na Beijing suka biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI kuma a 2007. Bashin da harshen Hausa ya ci wa waɗannan tashoshi ba ƙarami ba ne. Kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da tattalin arziki da juyin mulki a bakin masu karanta labarai suka goge har suka zama na kowa, kuma Bahaushen Tawa da ya yi lakwal da Faransanci da na Zariya da ya yi boko da Ingilishi suka sami Hausa ɗaya ta zancen duniya.

Akwai masu cewa wannan duk tarihi ne, tunda tashoshin FM na gida sun daɗe suna maimaita shirye-shiryen waje, wayar salula kuma ta kawo saura. Shekarun baya sun ba da amsa. A watan Yuli na 2007, lokacin tawayen arewa, hukumar sadarwa ta CSC ta rufe RFI a kan FM na wata guda, ta sake rufe ta na wata uku a Maris na 2008. An dakatar da ita kuma a ranar 3 ga Agusta 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sannan aka dakatar da BBC na wata uku a Disamba na 2024. Intanet ɗin salula ya ɗauke kusan kwana goma a Nijar bayan zaɓen Fabrairu na 2021, a Satumba na wannan shekara kuma hukumomin Najeriya suka katse layukan waya a jihar Zamfara. Kowane mai karatu yana da ra'ayinsa kan dacewar waɗannan matakai. Darasin da ya shafi mai sayen akwati dai guda ne: FM da salula suna da maɓalli a kusa, kuma sa hannu ɗaya ya isa ya kashe su. Gajeren zango daga bayan teku yake tasowa.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Gajeren zango kansa yana ƙanƙancewa. Radiyon Jamus ya rufe tasharsa ta Kigali a 2015, kuma a watan Maris na 2025 wani umarni na Shugaba Donald Trump ya sa Muryar Amurka ta yi tsit, har da sashenta na Hausa. Ashe muryar nesa ma tana da mai maɓallinta. Haka kuma babu tashar waje da ba ta da uban gida da manufa. Darajar tsohon mai sauraro, wanda ke bin Muryar Sahel da safe, ya leƙa London, ya leƙa Jamus, ya kwana da Kaduna, ita ce ba ya ba kowa gaskiya shi kaɗai. Yana auna wannan da wancan, ya fitar da nasa hukunci. Akwati mai kunne ɗaya wannan ɗabi'a yake kashewa. Matsayin gajeren zango a yau kamar na rijiya ne a gidan da aka ja famfo: ba kullum ake buɗe ta ba, amma mai hankali ba ya cike ta.

Saboda haka zaɓe yana bukatar gwaji, kada a yi cinikin biri a sama. Mai saye ya je kasuwa a lokacin da ya san ana watsa wani shiri na Hausa, ya fita da akwatin daga cikin rumfa, domin caja da fitilun zamani suna cika AM da gajeren zango da ƙara. Ya duba ko mita 16 da 19 da 25 da 31 da 41 da 49 kowanne yana da layinsa mai faɗi. In an cushe su duka a layi guda, tashoshi za su hau kan juna. Ya tuna cewa mita 16 da 19 na rana ne, 41 da 49 na dare, don kada ya zargi akwati da laifin lokaci. A kan AM, ya juya akwatin kansa hagu da dama: in ƙarfin murya ya sauya, sandan ciki yana aiki. Mai nuna lamba a allo, irin jerin PL na kamfanin Tecsun, yana sauka daidai kan tasha kuma yana riƙe ta, amma ya fi tsada kuma ya fi shan pil. Mai allura, irin Kchibo da aka saba gani, ya fi sauƙi a hannun dattijo, sai dai ingancinsa ya bambanta daga ɗaya zuwa ɗaya, don haka wanda aka gwada shi za a ɗauka, ba ɗan'uwansa na cikin kwali ba.

Batun pil ma abin lura ne. Akwatin da aka rufe batirinsa a ciki, ranar da batirin ya gaji shi ma ya tafi. Wanda ya fi shi ne mai cin pil da ake cirewa: manya R20, ko ƙanana R6, ko irin batirin tsohuwar Nokia da ake samu a kowace kasuwa. Waɗanda suka ga duhun da ya biyo bayan katse wutar Najeriya a Agusta na 2023 ba sa bukatar dogon bayani.

Gwaji na ƙarshe na harshe ne, kuma shi aka fi mantawa. An ƙera lasifikar yawancin sababbin akwatuna don kiɗa, tana kumbura ganga tana haɗiye baƙaƙe. Hausa kuwa harshe ne da ma'anarsa ke rataye a kan ƙananan bambance-bambance. A saurari mai karanta labarai na minti biyu: in kunne ya kasa raba kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, ba tare da taimakon jimla ba, akwatin bai dace da gidan Bahaushe ba, komai hasken fitilarsa.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Kusan shekara saba'in ke nan wannan al'umma tana sanin duniya ta kunne, kuma ta yi suna a tsakanin al'ummun Afirka da bin labarai da tantance su. Ƴan kasuwa abin da ake tambaya suke sarowa. Muddin masu saye suna tambayar fitila da katin waƙa kaɗai, su za a ci gaba da kawowa. Ranar da suka fara cewa a murɗa musu mita 19 su ji kafin su biya, kayan rumfa za su sauya.