Faramir Na Littafi Da Faramir Na Majigi

A watan Disamba na shekara ta 2002 aka fara nuna majigin nan The Two Towers, watau Hasumiyoyi Biyu. Shi ne kashi na biyu cikin uku da Peter Jackson, mutumin ƙasar Niu Zilan, ya shirya daga littafin J. R. R. Tolkien mai suna The Lord of the Rings, watau Ubangidan Zobba. Jama'a suka yi tururuwa zuwa gidajen silima, suka yaba da aikin ƙwarai. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka riga suka karanta littafin sun fito da ɓacin rai saboda mutum ɗaya tak a cikin labarin, sunansa Faramir. Har wa yau gardamar ba ta mutu ba. Na ga ya dace mu dube ta, gama a ƙarƙashinta akwai tambayar da ta shafi kowane mai bi: ashe mutum yana iya ganin zunubi a gabansa, ya ƙi shi nan take?

Bari mu fara da mawallafin. An haifi Tolkien a Afirka ta Kudu a 1892, ya yi yaƙin duniya na fari a Faransa, ya zama shehun malami a jami'ar Oksfod ta Ingila, ya rasu a 1973. Ɗan ɗarikar Katolika ne mai riƙon bangaskiya, yana kuma cikin abokan da Allah ya yi amfani da su wajen jawo C. S. Lewis ga Almasihu a 1931. Littafin nasa ya fito kashi uku tsakanin 1954 da 1955. Ƙagaggen labari ne a kan wani zobe mai ba da iko, mai kuma lalatar da zuciyar duk wanda ya riƙe shi. An ɗora wa wani ɗan taliki, Frodo, nauyin kai zoben dutsen wuta inda aka ƙera shi, domin a hallaka shi.

A kan hanya Frodo da baransa Sam suka faɗa hannun Faramir, shugaban mayaƙan ƙasar Gondor, ƙanen Boromir. Shi Boromir ɗin ya riga ya gwada ƙwace zoben da ƙarfi. A littafi, tun Faramir bai san ainihin abin da Frodo yake ɗauke da shi ba, ya ba da kalmarsa cewa ba zai taɓa makamin Maƙiyi ba, ko da birninsu yana bakin halaka. Daga baya bakin Sam ya suɓuce, asiri ya tonu. Ga zobe, ga mayaƙa kewaye da shi, ga baƙi biyu marasa ƙarfi a cikin kogo. Faramir ya tsaya a kan maganarsa, ya ba su guzuri da sandunan tafiya, ya sallame su lafiya.

A majigi kuwa labari ya sha bamban. Da Faramir ya gane abin da ke hannunsa, sai ya ƙudura zai kai wa ubansa Denethor, don ya sami yardar uban da bai taɓa ganin darajarsa ba. Ya tasa ƙeyar Frodo da Sam har kangon birnin Osgiliath, sai da ya ga ɓarnar zoben da idonsa kafin ya sake su. Haka kuma Gollum, jagoran nan nasu abin tausayi: a littafi Faramir ya umarta a bi da shi a hankali, a majigi mayaƙansa suka wulaƙanta shi yana kallo.

Masu shirya majigin ba su ɓoye dalilinsu ba. Sun bayyana cewa sun sha wahala suna nuna wa masu kallo yadda zoben yake rinjayar kowa. In aka kawo mutum ya ƙi shi a sauƙaƙe, ƙarfin zoben ya zube ke nan. Ban da haka, sun ɗage faɗan Frodo da ƙatuwar gizo-gizon nan Shelob zuwa kashi na uku, saboda haka suna bukatar wani abin da zai tare masa hanya a kashi na biyu. Masu goyon bayansu suna ƙarawa da cewa a ƙarshe dai Faramir ya yi abin da ke daidai, ya kuwa yi shi yana sane da dokar ubansa za ta iya cin ransa. A dogon majigin da aka fitar a 2003 an ƙara wani sashe mai nuna yadda Denethor yake fifita Boromir, wannan ya sanyaya zuciyar waɗansu.

Ba mu raina waɗannan dalilai ba. Littafi yana da sararin shiga zuciyar mutum, majigi kuwa sai abin da ido ya gani. Duk wanda ya taɓa shirya wasan Kirsimeti a majami'a ya san tilas a rage wani abu, a matso da wani. Amma duk da haka ina ganin masu ƙorafi sun fi gaskiya.

Dalili na fari, majigin da kansa ya riga ya nuna mana waɗanda suka ƙi zoben: Gandalf ya ƙi, Galadriel ta ƙi, Aragorn ma ya ƙi, ba wanda ya ce ƙarfin zoben ya ragu. Na biyu, Tolkien bai sa Faramir ya ƙi zoben haka kawai ba. Ya nuna mana mutum mai son karatu, wanda ya zauna wurin Gandalf yana koyo, mai ƙin ƙarya ko ga abokin gaba, wanda shi da mutanensa sukan miƙe tsaye su fuskanci yamma, su yi shiru na ɗan lokaci kafin su ci abinci. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nasarar da ya ci a dare ɗaya, amfanin horon shekaru ne. Tolkien ma ya rubuta a wata wasiƙa cewa in akwai wanda ya yi kama da shi a labarin, Faramir ne. Da aka mai da shi kamar wansa na ɗan lokaci, an rushe abin da aka ajiye 'yan'uwan biyu gefe da gefe dominsa: gida ɗaya, jaraba ɗaya, amsa biyu.

Wannan hali bai tsaya ga Faramir kaɗai ba. Aragorn na littafi ya san kiransa, yana jiran lokacinsa. Na majigi yana gudun sarauta. A majigin Prince Caspian na 2008, wanda aka ɗauko daga littafin Lewis, an mai da Peter mai girman kai, yana jayayya da Caspian, abin da babu shi a littafi. Kamar dai masu majigi sun gaskata cewa mai kallo ba zai yarda da mutumin kirki ba sai ya gan shi ya yi tuntuɓe tukuna.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana faɗuwar tsarkaka ba. Dawuda ya faɗi, Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, alheri kuwa ya tashe su. Amma a cikin Littafin nan ɗaya akwai Yusufu, wanda ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya gudu, akwai kuma Daniyel, wanda ya ƙudura a ransa tun kafin a ajiye masa abincin sarki. In muka ba 'ya'yanmu labarin masu tuba kaɗai, za su zaci faɗuwa tilas ce ga kowa, tsayawa kuwa tatsuniya ce. Saurayin da aka miƙa wa toshiyar baki a wurin aiki yana bukatar ya san akwai waɗanda suka ce a'a tun karo na fari.

Sai dai wata kalma ga masu ƙorafi: waɗansunsu sun wuce gona da iri, suna zagin mutane saboda ƙagaggen labari. Mai kare Faramir da zagi bai koyi kome daga gare shi ba.

Ya ɗan'uwa mai karatu, in ka sami majigin ka kalla, gama akwai abin yabo da yawa a ciki. Amma ka nemi littafin kuma. Sa'an nan ka tambayi kanka wace magana ka riga ka yanke a zuciyarka tun zoben bai iso hannunka ba. Ubangiji ya ba mu ikon tsayawa.