Sharhi A Kan Yadda Ake Koyar Da Maganganun Sauri Na Turanci

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba wata al'ada da ta zama ruwan dare a littattafan koyar da Turanci, watau jera maganganun da ke nuna sauri a layi guda, kamar "hurry up" da "step on it" da "on the double" da "chop chop", sa'an nan a ba su ma'ana ɗaya tak: a yi sauri. A ganinmu irin wannan jeri yana ɓoye wa ɗalibi muhimmin abu, watau wanda ya isa ya faɗi maganar, da kuma wanda ya dace a faɗa wa.

Dalili kuwa shi ne, galibin maganganun nan daga wata sana'a suka fito, kuma har yanzu suna ɗauke da halin gidansu. Alal misali, "on the double" umurnin soja ne na a ninka saurin tafiya, saboda haka na sama ne ke faɗa wa na ƙasa. "Step on it" maganar mota ce, asalinta a taka totur. "Stat" kuwa an gutsuro ta ne daga kalmar Latin mai ma'anar nan take, kuma a bakin likitoci aka fi jin ta. "Posthaste" ta samo asali daga abin da ake rubutawa a bayan wasiƙu a Ingila a ƙarni na 16 don manzo ya yi sukuwa. A yau ta tsufa, sai a rubutu ko a raha. Ita kuma "chop chop" ta fito ne daga Turancin ciniki na gaɓar tekun kudancin Sin a ƙarni na 19, kuma da ita akan kora barori da lebura, shi ya sa mutane da yawa ke jin raini a cikinta. To, ɗalibin da aka koya wa cewa duk ɗaya suke, me zai hana shi jefa wa shugabansa ɗaya daga ciki, ya jawo wa kansa baƙin jini bai sani ba?

Aibi na biyu shi ne cakuɗa yabo da zargi. Turanci ya raba "speed" da "haste": na farko gwaninta ce, na biyu kuwa sau da yawa aibi ne, kuma tun a tarin karin maganar John Heywood na 1546 akwai gargaɗi a kan gaggawa. "Hit the ground running" yabo ne ga wanda ya kama aiki gadan-gadan tun ranar farko. "Jump the gun" kuwa zargi ne, an ɗauko shi daga filin tsere, inda wani kan zabura kafin a harba bindigar tashi. Mai fassarar da ya mayar da su duka "ya yi sauri" ya zubar da hukuncin da ke cikin maganar.

Abin lura a nan shi ne ɗalibi Bahaushe ya zo aji da wannan ilmi tun daga gida. Ya san hanzari da azama abin yabo ne, ya san garaje da azarɓaɓi da rawar jiki abin zargi ne. Ya ji ana cewa sauri ya haifi nawa, ya kuma ji da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, bai taɓa ganin saɓani tsakaninsu ba. Ya san yaro ba ya ce wa mahaifinsa "maza-maza". Idan aka ce masa "jump the gun" kusan riga malam masallaci ne, nan take zai gane.

Wani zai ce jerin ya fi sauƙin hadda, musamman ga mai shirin jarrabawa. Gaskiya ne, amma ɗalibi zai bar ɗakin jarrabawa ya shiga ofis, inda za a auna ladabinsa da kalmar da ya zaɓa. Shawararmu ga malamai da marubuta littattafai ita ce, kowace magana a haɗa ta da abu uku: asalinta, da matsayin mai faɗinta, da takwararta ta Hausa idan akwai. Gara a koyar da biyar ta wannan hanya da a haddace hamsin a jere.