Dutse da Shan Iska a Al'adar Yammacin Kano

Ƙasar Gwarzo da Kabo ba ta da manyan tsaunuka irin na Jos ko Mambila, domin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ce wadda ke kwance a kan tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa, wanda yakan ɓullo jefi-jefi a siffar tsibin duwatsu ko falalen dutse, wato shimfiɗaɗɗen dutsen da ake shanyar barkono da hatsi a kansa. Duk da wannan ƙarancin tsawo, mutanen garuruwa irin su Getso da Kutama da Garo da Godiya sun gaji wata tsohuwar hulɗa da dutse, wadda ta faro da tsoro kafin ta rikiɗe ta zama neman natsuwa.

Tushen tsoron yana cikin addinin gargajiya. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara labarinsa ne da Barbushe, jagoran bautar Tsumburbura a zamanin mazauna Dutsen Dala, kuma binciken da Joseph Greenberg ya wallafa a 1946 a kan Maguzawan ƙasar Kano, wato Hausawan da suka ci gaba da riƙe addinin kakanni, ya nuna irin matsayin da iskoki ke da shi a rayuwarsu. A wannan tunani, dutse da kuka da tsamiya gidajen iskoki ne, don haka ba a kusantar su da tsakar rana ko da almuru sai da dalili. Musulunci ya kawar da bautar amma ya bar wa dutsen kwarjininsa, ya kuma ɗora masa sabuwar ma'ana ta tafakkuri, wato zurfafa tunani a kan halitta domin gane ikon Mahalicci, musamman da yake kowane almajiri ya san cewa wahayin farko ya sauka ne a Kogon Hira. Har yau Kanawa kan hau Dala ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, cikin ado da annashuwa.

Sai dai abin da ya fi cancantar nazari shi ne inda idon mai hawan yake sauka. Marubutan Turai na ƙarshen ƙarni na 18 sun yabi tsaunukan Alps saboda girmansu da kaɗaicinsu, suna neman wurin da hannun ɗan Adam bai taɓa ba. Manomin yammacin Kano kuwa, idan ya hau dutse da yammacin watan Agusta, bayansa yake ba dutsen, ya fuskanci gonaki, ya duba yadda gero ya fitar da kai da yadda dawa ta rufe kunya, ya hangi ɗorawa da kaɗanya a tsakiyar shuka, da gawo wanda ke tsaye ba ganye a lokacin da kowace itaciya ta yi kore shar. Kyau a wurinsa ba ya rabuwa da albarka, shi ya sa yabon da ya fi yi wa wuri shi ne cewa yana da ni'ima, kuma kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin ƙarancin ɗanɗano, domin idon da ke bambance koren gero da na maiwa daga nesa ido ne da ya sha horo.

Da rani, lokacin da hazo ya rufe sararin sama kuma karkara ta koma ruwan ƙasa, shan iska, wato fitar da ake yi bayan la'asar domin huce gajiya, yakan karkata zuwa bakin ruwa. Madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga, da babbar madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992 a Ƙaraye, maƙwabciyar Gwarzo da Kabo, sun samar da fadamun da tumatir da albasa ke yin kore a tsakiyar fari, kuma a nan matasa suka fi ɗaukar hotuna da wayoyinsu. Dutsen kansa yanzu yana fuskantar masu fasa shi domin tsakuwar gini, sana'ar da ke ciyar da gidaje da dama, amma wadda ke cinye falalen da aka daɗe ana shanya da hira a kansa.